Shafin ma'aikata da aka mana a ofis

Wlh tun jiya abin nan yake cina a rai. An mana shafin cikin gida a wajen aiki, wanda mu ma'aikata kaɗai ke iya shiga, aka kashe kuɗi aka ɗauko masu yi daga birni amma ba wanda ya tambaye mu me muke buƙata. Su a kwamfuta suka gwada, mu kuwa nan gefen Ringim kowa da waya yake shiga, sabis ɗin ma sai ka fita bakin titi, shafi cike da hotunan manya kafin ya buɗe data ta ƙare. Jiya wani dattijon masinjanmu yazo yace ɗana taimaka min da fom ɗin hutu, sai da muka danna waje biyar kafin muka ganshi, kuma duk da Turanci. Tausayinsa ya kamani sosai.

Ni a ganina fom ɗin hutu da takardar albashi da sanarwa su yakamata mutum ya fara gani, a sa Hausa, a rage nauyi. Yanzu kowa ya koma guruf ɗin WhatsApp, can ma sanarwa ɓacewa take cikin gaishe-gaishen juma'a. Ranar Litinin insha Allah zan samu oga da maganar.