Saƙon da ya kore mini ɗalibi

Har yau idan na ci karo da saƙon nan a wayata sai kunya ta kama ni. Layi biyu ne kacal: "Yallabai, jiya ba mu gan ka ba. In ba da gaske kake ba, gara ka faɗa mini tun yanzu." Na tura ina hura hanci, wai ni kocin motsa jiki ne da ba ya wasa da aiki. Ya karanta, bai ce uffan ba. Wata huɗu ban sake sa shi a ido ba.

Mutumin da ya yi mako uku ba fashi fa! Ya haura shekara 40, kuma niyya kam ba a magana, shi yake riga ni isowa. Ni na ɗora masa kwana biyar a mako, awa guda kullum, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya daga minti 150 na motsa jiki a mako ta fara lissafinta. Na ninka masa tun ranar farko, sannan a mako na uku na ƙara masa tsugunno da nauyi a kafaɗa. Duk koci ya san tsamin jiki ya fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye. Na sani sarai, amma na tura saƙon.

Da ya dawo, shi da kansa ya ba ni labari yana dariya, ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba. "Koci, ranar sai da na dafa bango kafin in sauko daga bene. Da na ga saƙonka sai na ji kamar na faɗi jarrabawa, na ce to an gama."

Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya na karanta binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, na 2009. Sun gano cewa sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe shi. Ashe fashin nasa ba komai ba ne, bakina ne ya yi ɓarnar.

Yanzu tun ranar rajista nake tambayar kowa: "Ranar da ka kasa zuwa, me za ka yi?" Dabarar Peter Gollwitzer ce, wani masanin halayyar ɗan Adam, ta "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Wasu kan ɓata rai, su ce ai su ba za su yi fashi ba. Ba na musu da su, biro kawai nake miƙa musu. Shi Yallabai ya rubuta: "Idan na makara da safe, zan yi tattaki na minti 10 bayan na tashi daga aiki." Kwana uku muke yi yanzu, ba biyar ba.

Yakan yi fashi har yanzu, kuma wani lokaci yatsana na ƙaiƙayi. Sai in rubuta: "Yallabai, yaya ƙafafun? Laraba ko Alhamis?" Kusan kullum Alhamis yake zaɓa.