Bahon da 'yan jari-bola suka taya

Bahon wankan nan na ƙarfe ya girme ni a gidanmu na Gusau. Kakanmu ne ya saye shi lokacin da aka rushe wani tsohon gidan ma'aikata, kuma tun da na yi wayo a garke na san shi, raguna na shan ruwa a ciki. Da muka tashi gyaran banɗaki, 'yan jari-bola suka taya shi a kilo. Inna ta ce a sayar kowa ya huta. Na ce, "Inna, ki bar mini shi in gwada." Ta ce, "To ɗan nan, ƙarfinka ne."

Na fara da tabbatar da irin ƙarfensa. Maganaɗisu ba ya raba gardama, don yana kama zubabben ƙarfe, yana kama falle. Ƙwanƙwasawa ake yi: na falle ƙara yake kamar tasa, zubabbe kuwa amonsa a dakushe yake. Nauyi ma shaida ne, irin wannan baho yakan haura kilo 100. Majiya ƙarfi ne suka ciccibo shi, muka kife shi a kan tsofaffin tayoyi, saboda zubabben ƙarfe ba ya lanƙwasa, in ya faɗi da ƙarfi tsagewa yake yi.

Farin da ke cikinsa mutane da yawa fenti suke ɗaukarsa, alhali gilashi ne. Garinsa ake barbaɗawa a kan ƙarfen yana jajir da wuta, ya narke ya manne, shi ya sa yake ƙyalli irin na tangaran. A 1883 John Michael Kohler, a jihar Wisconsin ta Amurka, ya yi wa kwamin shayar da dawaki wannan rufi ya sayar da shi a matsayin bahon wanka. Ashe ragunanmu ba su yi ɓatan kai ba.

Wannan rufin gilashin ne ya sa na ƙi shawarar mai sa tayil, da ya ce in kawo asid ya wanke mini shi tas kafin azahar. Asid zai fitar da datti, amma tare da ƙyallin zai tafi. Fuskar ta koma garje-garje, daga nan kowane datti ya samu wurin kamawa, kuma babu mai dawo da ita. Soson ƙarfe da toka da yashi, da ake darzar tukunya da su, ɓarnarsu ɗaya ce, sai dai tasu a hankali take. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na fara sawa, sannan na dama farar hodar nan ta baking soda da kauri na shafe cikin, na bar shi ya jiƙa dattin, na bi da soso mai laushi. An maimaita har na gaji da maimaitawa. Jan zanen tsatsa da ke ƙarƙashin ramin famfo kuwa, lemon tsami da gishiri na ɗora masa na 'yan mintoci na ɗauraye nan take, don shi ma lemon yana cin gilashin in ya jima. Akwai wani rawaya-rawaya a ƙasan bahon da ya ƙi fita. Na bar shi, ya riga ya shiga jiki.

Bayan bahon ne ya fi ba ni tsoro. Fenti ne hawa-hawa, kuma tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Bazamfare ba ya buƙatar dogon bayani a kan dalma tun abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin ƙurar niƙan dutsen zinariya. Don haka ban yarda a sa injin gurza ba, duk da ya fi sauri. Na shimfiɗa leda, na sa takunkumi, ina yayyafa ruwa ina kankarewa don kada ƙura ta tashi, yara kuma an kore su daga wajen. Kayan da na yi aikin da su daban aka wanke. Da na kai ga ƙarfe sai burushin waya, aka shanya a rana, a ranar kuma na buga masa jan fentin hana tsatsa, domin tsiraren zubabben ƙarfe kwana ɗaya ya ishe shi ya sake yin ja. Fentin mai ya biyo baya, shafi biyu.

Inda gilashin ya ɓantare, na goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, na share da tina, na cike da farin gam ɗin nan mai haɗi biyu. Zafin Gusau yana sa shi daskarewa da wuri, sai a haɗa kaɗan-kaɗan, da sassafe. Da hunturu kuma ƙura ce za ta zauna a kai tun bai bushe ba, dole a rufe ɗakin. Facin ya fi ainihin bahon fari, ana ganinsa.

Mai fentin mota ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, kawo in fesa maka cikin duka, ya dawo sabo fil." Na gode masa kawai. Fenti a kan gilashi, ga ruwan zafi kullum, ɓarewa zai yi, kuma sai an gurje ƙyallin da ya rage kafin ya kama. Sabon rufi na gaskiya sai an mayar da bahon tanderu, abin da babu mai fenti da zai iya.

Ƙafa ɗaya ta tsage. Mai walda ya gasa ta tukuna, ya liƙe da sandar nikel, ya binne a yashi ta huce sannu a hankali, ya ce in ta huce da gaggawa gefen liƙin ne zai sake tsagewa. Mai famfo kuma ya sauya magudanar da robobinta.

Sai batun ruwa. Wanka ɗaya a cikinsa yana cin wajen lita 150, jarka shida ke nan ta 'yan garuwa mai lita 25. Da rani bokiti muke sawa a ciki mu yi wanka a tsaye, yara ne ake zuba wa kaɗan su yi facal-facal. Cika shi sai damina, in tanki ya tumbatsa.