Asabar a Yamai: kuɗin objektif ɗaya gare ni

Tun bayan sallar asuba nake gaban ordinatar ina duba hotunan bikin da na ɗauka jiya a Talaje. A hoto na arba'in da wani abu na lura da wani ɗigo mai duhu a sama ta hannun dama. Na wuce na gaba, yana nan. Na gaba ma yana nan, a wuri guda, sai ka ce tambarin mai dabba. A kan farar rigar ango ya fi fitowa.

Laifina ne, ba na kowa ba. Jiya a tsakar gida, mata suna ta shara ana shimfiɗa tabarmi, ga hazon hunturu, ni kuma na kwance objektif, wato gilashin da ke gaban kamara, mai milimita 50 na ɗaura mai 24, can na sake kwancewa, ya yi sau bakwai. Lokacin da nake riƙe da tsohuwar Canon, in ka cire objektif madubi za ka gani, a bayansa akwai labule, sannan kaptar, farantin nan da ke kama haske. Wannan Sony A7 III da na saya ta hannu a bara ba ta da madubi. Kana cire objektif sai ga kaptar tsirara, milimita 36 a 24, kuma milimita 18 kacal ke tsakaninsa da bakin kamara. A Canon ta da, 44 ne. Wannan kusancin shi ya sa kamarar ta yi siriri, kuma shi ne ya sa ƙurar Yamai take shiga ba sallama.

Na hura shi da ƴar robar iska, na ɗauki farin bango a f/16, wato ƙofar haske a tsuke, don in tabbatar, sai na ga ashe ɗigon uku ne. Ɗigo biyu sun tafi, ɗaya ya ce ba inda za shi. Awa uku na safiya suka tafi wajen goge shi a hoto ɗaya bayan ɗaya.

Nan na yanke abin da na yi wata biyu ina jan ƙafa a kai: yau zan je wajen Alhaji mai sayar da kayan hoto in sayi zum, objektif ɗin da ake murzawa ya jawo nesa kusa ba sai an kwance shi ba.

Kafin in fita na yi wani abu da ya kamata in yi tun tuni. Kowane hoto yana ajiye lambar milimitar da aka ɗauke shi da ita. Na buɗe tsofaffin ayyukana na zamanin da nake da zum a Canon, na bi su biki biki. Kusan duka tsakanin 28 da 60 suke. Ni da nake ta mafarkin 70-200, ashe hannuna bai cika zuwa can ba. Mai hoton biki a ɗaki yake aiki, da rumfa, da zaure, ba a daji ba.

Na ɗauko ƙanena a moto muka nufi wajen Babbar Kasuwa. Shi ke riƙe mini filash in ana aiki, kuma tun a hanya ya fara waƙarsa: "Yaya, don Allah babban nan za ka saya, farin. In aka zo kokowar Takobi mu tafi mu ɗauko ƴan kokowa tun daga nesa." Tawa muka fito, inda aka fara wannan gasar a 1975, don haka ban ga laifinsa ba. Na dai tambaye shi wa ya taɓa biyanmu kuɗin hoton kokowa. Ya yi shiru har muka iso.

Alhaji daga Dubai yake kawo kaya, wasu sababbi, wasu na hannu. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da tsohuwa, ya sa aka zuba mana shayi, sannan ya buɗe kabad. Abin da ya fara miƙo mini wani ƙaramin zum ne mai arha. "Wanga shina hawa kamararka, ɗana, gwada ka gani." Ya hau kuwa, tun da bakin Sony ɗaya ne. Amma na ƙananan kamarori ne masu ƙaramin kaptar. In ka ɗaura shi a babba, kamara tsakiyar farantin kawai take amfani da shi, megapiksel 24 ya koma wajen 10. Na ce, "Alhaji, wannan kamar in sayi gona ne in noma rabinta." Ya yi dariya ya mayar da shi.

Sai aka shimfiɗa na gaske. Akwai Sony 24-105 mai f/4. Akwai Tamron 28-75 mai f/2.8, na farkon nan da ya fito a 2018. Akwai Sony 85 mai f/1.8. Can ƙurya kuma ga farin da yaro ke so, 70-200 f/2.8, nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi. Na miƙa masa na ce ya riƙe shi a ido har in shanye shayina. Kafin in kai rabi hannunsa ya fara rawa.

Tsakanin biyun farko na fi daɗewa. 24-105 ya fi faɗi, ya fi nisa, yana da abin hana girgiza a cikinsa, kuma da rana babu abin da zai gagare shi. Amma bukukuwanmu ba da rana suke ƙarewa ba. Kai amarya da dare ne, sau da yawa an ɗauke wuta, gurup ɗin maƙwabci ne ke kunna ƙwai biyu. Tsakanin f/4 da f/2.8 rabin haske ne cif, ƙaramar lamba ita ta fi shan haske. Inda zan tsaya a ISO 3200 da Tamron, ISO kuwa shi ne ma'aunin ƙara wa hoto haske, da 24-105 sai na hau 6400, fuskar amarya ta cika da tsaki-tsaki kamar an watsa mata gero. Abin hana girgiza kuma hannuna yake tsayarwa, ba ya tsayar da ƙawayen amarya masu rawa. Nauyi ma ya shiga lissafi: Tamron ɗin giram 550 ne, ɗayan ya haura 650, ga wanda zai rataye shi daga azahar zuwa tsakar dare.

Inda zuciyata ta ɗan sosu shi ne milimita huɗun nan da ke tsakanin 24 da 28. A takarda ba komai ba ne. A ido kuwa, 24 yana ɗibar digiri 84, 28 yana ɗibar 75. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya, gado ya cinye rabi, kabad na kwanoni ya cinye saura, gwaggo shida suna son su fito tare da ita, ya san bambancin. Ka manne da bango har bayanka ya kwashi farar ƙasa, amma gwaggo ta shida ba ta shiga ba. Saboda haka tsohon 24 ɗina ba zan sayar ba. Zai zauna a jaka, a ɗaki kawai zan ciro shi, ƙofa a rufe, kamara tana kallon ƙasa.

85 ɗin kuwa, kai. Na ɗauki yaron shagon da shi a f/1.8, kasuwar duk ta narke a bayansa, shi kaɗai ya rage. Hasken da yake sha ya ninka na f/2.8 fiye da sau biyu. Na riƙe shi na ɗan lokaci, sannan na ajiye. In na saye shi yau, na koma gidan jiya: kwance wannan, ɗaura wancan, ƙura tana jira.

Wani abokin sana'a ya shigo ya same mu. Shi Canon R ya koma, marar madubi ta Canon, domin yana da objektif na EF masu kyau, na tsofaffin Canon masu madubi, zoben haɗi kawai ya saya suka ci gaba da aiki. Da ina da irin dukiyarsa da hanyar da zan bi ke nan. Ni nawa biyu ne, na kuma sayar da su. Abin da ya ja ni Sony shi ne tun 2011 ta buɗe wa wasu kamfanoni ma'aunin bakin kamararta, shi ya sa Tamron da Sigma suke da yawa a kanta, na hannu ma ba ya wuyar samu.

Na haska Tamron ɗin da fitilar waya ta gaba da ta baya. Kayan da suka kwana a bakin teku, Kwatano ko Lome, wani lokaci danshi yana sa musu wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashi. Wannan fes yake. Na murza zum, ba ya kamewa, ba ya zubewa. Na sa yaro ya yi ta tahowa daga bakin titi ina ɗauka, idonsa a kame duk tsawon hanya.

Ciniki ya ɗauke mu har kiran la'asar. Alhaji ya ce albarka sau uku, ni na miƙe sau biyu. A ƙarshe ya sallama, ya ƙara mini da gilashin kariya mai milimita 67, ya ce, "Sa mishi tun nan, kada ka fita da shi ido buɗe." A cikin shagon na ɗaura shi, ƙofa a rufe, fanka a kashe.

Da yamma muka gangara bakin kogi. Hazo ya mayar da rana kamar faifai, ana iya kallonta. Masu wanki suna naɗe kaya, wani kwalekwale yana tsallakawa da kabewa. Na ɗauke shi a 28 da ruwan duka, na murza zuwa 75 na ɗauki mai tuƙin, ban kwance komai ba. Ƙanena ya karɓa ya leƙa, ya ce da farin nan ne da har haƙoran mutumin za a gani. Na ce ya fara tara kuɗi.

A gida uwargida ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan ɗan gwangwanin ne ya cinye kuɗin ragon suna biyu?" Ban gyara mata lissafi ba, domin ya fi haka. Gobe akwai suna a Bukoki da ƙarfe 7, na sa batura biyu a caji. Ɗigon nan na ukun yana nan kan kaptar, sai Litinin in kai a goge.