Wasiƙa daga Birmingham kan man shafawa da fatar fuskarmu

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena na gida.

Sanyi ya kankama a nan Ingila, na san ku ma hunturu ya iso da busar da fuska da tsaga leɓe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne man bilicin.

Sinadarin hydroquinone da ke cikin da yawa daga waɗannan mayukan, Tarayyar Turai ta hana sa shi a man kwalliya tun 2001. A nan, in aka kama mai shago yana sayar da shi, kotu ce za ta raba su. Ghana ma ta hana shigo da shi a 2016, a 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Amma har gobe ana haɗa shi a roba marar suna, a miƙa wa amarya da sunan gyaran jiki. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Haske yana zuwa da wuri, shi ya sa ake ruɗuwa. Daga baya ne kumatu ke ƙonewa su yi baƙin da ba ya fita. Masu clobetasol a ciki, wanda asalinsa maganin ciwon fata ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, su ne ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ga ƙuraje, ga nankarwa, in aka ji rauni ko aka yi tiyatar haihuwa ɗinki ya yi ta jinkirin kamawa. Masu zaiba kuwa ƙoda suke taɓawa, kuma tana iya kaiwa ga jaririn da ke ciki ko a nono.

Alhali man kaɗen da muke wucewa a kasuwa ba mu ko waiwaya ba, shi Turawa ke saya da tsada a 'yar kwalba. Kamfanin The Body Shop tun 1994 yake sayensa daga ƙungiyar matan Tungteiya a arewacin Ghana.

Ki wanke fuska safe da dare da ruwa mai ɗumi kaɗan, ki bar dirza ta da soso. Sabulun salo na da kyau amma yana busarwa, don haka ki yi kumfarsa a tafin hannu tukuna. Ki shafa man kaɗe kaɗan tun fuskar na da danshi. Mai maiƙon fuska ta rage, ko ta tsaya a leɓe da kumatu. In da hali, ki sa man kariyar rana mai lamba 30, domin rana ce ke ƙara wa tabon ƙuraje duhu, har a baƙar fata.

Wadda ta daɗe tana shafa haɗin nan, don Allah kada ki yanke lokaci guda, fuskar na iya yin ja ta feso da ƙuraje. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata, shi zai tsara miki yadda za ki janye a hankali.

A gaida mutanen gida duka.

'Yar uwarku a Birmingham