Mako uku ina zargin kwamfuta, ashe laifin ƙanƙara ne

'Yan'uwa masu koyon zana bishiyar dangantakar kifaye, yau sai ku taya ni murna. Samfurin nan da ya hana ni barci ya warware.

Kun tuna jerin DNA na mitokondiriya (ƙananan sassan da ke samar da kuzari a cikin ƙwayar halitta, masu DNA nasu daban) da na sauko da su daga GenBank, rumbun ajiyar jerin DNA na intanet, na kifayen ruwan sanyi biyu, Salvelinus fontinalis da Salvelinus alpinus. Duk sanda na zana bishiyar a manhajar MEGA, sai fontinalis guda ɗaya ya tsallake danginsa ya je ya zauna daram a tsakiyar alpinus. Na sake jera haruffan da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har idona ya fara ruwa. Na datse bakin jerin, na canza lissafi. Yana nan inda yake. Har na goge shi don haushi, washegari zuciyata ta ƙi, na dawo da shi. Data kuwa na ƙona ta ba kaɗan ba wajen sake sauko da abu ɗaya.

Daren jiya na ci karo da binciken Louis Bernatchez da abokan aikinsa na 1995 kan tafkin Alain a lardin Kwibek na Kanada. Kifayen tafkin fontinalis ne a kamanni da DNA na cibiyar ƙwayar halitta (wanda ake gado daga uwa da uba), amma mitokondiriyarsu kaf ta alpinus ce, alhali babu alpinus a tafkin yanzu. Sai da na miƙe tsaye.

Shekaru kimanin 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta binne yankin baki ɗaya, kifayen suka tsira a mafaka daban-daban. Da ta narke suka biyo sababbin hanyoyin ruwa suka haɗu, aka yi barbara. Mitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta. Macen alpinus ta haɗu da namijin fontinalis, 'ya'yanta mata suka ci gaba da komawa ga mazan fontinalis, zuri'a bayan zuri'a, har jinin alpinus ya wanke, saura tambarin kakar nan tasu, wato mitokondiriyarta.

Ni kuma ina ta neman kuskure a fayil! Kuskurena ɗaya ne, na dogara da mitokondiriya ita kaɗai. Na riga na fara tattara jerin cibiya don in kwatanta, samfurin kuma ba mai sake goge shi.