Aikin awon barci a Maradi

Yawancin masu zuwa wurina awon ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci matansu ne ke turo su. Hajiya ta ce: "Likita, minsharin Alhaji har maƙwabta na ji. Sai ya yi tsit kamar rai ya fita, can ya zabura yana haki." Shi kuwa Alhaji ya rantse lafiyarsa lau, gajiyar kasuwa ce.

Da tambaya nake farawa: gyangyaɗi da rana, ciwon kai da asuba, tashi fitsari cikin dare, hawan jinin da ya ƙi jin magani. Direbobin hanyar Maradi zuwa Yamai na fi tsananta wa tambaya, don gyangyaɗinsu ba su kaɗai yake kashewa ba.

Bayan isha'i nake ɗaura na'urar. Ɗamara ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, siririn tiyo a hanci mai jin shigar iska da fitarta, sai ɗan maƙale a yatsa mai auna iskar oksijin cikin jini. Idan ɗamarar na motsi amma hanci shiru, maƙogwaro ne ya toshe. Ɗaukewar numfashin da ta kai daƙiƙa 10 ita ake ƙirgawa. Sau 5 zuwa 15 a awa ciwon bai yi nisa ba; ya wuce 30 kuwa, sai maganar injin CPAP mai hura iska. Mai kukan dannau ko shure-shure cikin barci awonsa daban ne, har da wayoyin da ake liƙawa a kai.

Ba na yarda da lissafin kwamfuta sai na bi zanen numfashin da na'urar ta ɗauka cikin daren da idona. Malamin da ya koya mini a Dakar ya taɓa mayar mini da awon mutum ɗaya sau uku. Ashe tiyon ne ya zame da mutumin ya juya, ni kuma na rubuta numfashi ya tsaya. Har yau ina jin kunyar ranar.

Shi ya sa agogunan nan na hannu masu wai auna barci da ake zubawa a kasuwa ke ɓata mini rai. Mutum ya zo yana nuna mini waya wai barcinsa ya yi kyau, don haka in rage masa kuɗin awo. Agogon da ko kusa da hancinka bai je ba! Wani ɗan kasuwa daga Tibiri ya yi ta wannan gardama, har na ce ya kwana ɗaya mu gani. Da safe na juya masa allon, Hajiya na zaune gefe, ta ce: "To Alhaji, ƙirga da kanka."