Ba na'ura ce ta hana Hajiya shiga Rauda ba

Na ajiye aiki a maktab ɗin, wato ofishin da muke yi wa mutane rajista a manhajojin hukumar Saudiyya, a ƙarshen Shawwal, kuma tun daga lokacin abokan aikina suke turo mini hoton allon waya suna tambaya, wannan kuma me yake nufi? Ina amsa musu da daɗin rai. Amma na ga gara in zauna in rubuta abin da ke cikina gaba ɗaya, saboda su, da wanda zai gaji kujerata, da sauran 'yan'uwa masu wannan sana'a a unguwannin Shara Mansur da Hindawiyya na Makka har zuwa Jidda. Ba zan koya wa kowa yadda ake buɗe Absher, manhajar takardun hukuma, ko Nusuk, ta izinin Umara da ziyara, ba, kun fi ni saurin hannu. Maganata a kan sa'ar da rajista ta ƙi ce, mai fasfo yana tsaye a kanka, jama'a sun kai bakin ƙofa, mudir, shugaban maktab, yana leƙowa daga ofishinsa.

Abin da aka fara koya mana a irin wannan sa'a shi ne, ka ce masa sistem ne, ya dawo gobe. Lallai akan samu ranar da manhaja take yin nauyi da gaske, musamman a goman ƙarshe na azumi. Amma a tsawon zamana a wurin, irin waɗannan ranaku ba su taka kara sun karya ba. Galibi idan rajista ta tsaya, bayanai biyu ne suka saɓa. Manhaja ba ta san Malam wane ba. Abin da ka rubuta take ɗauka ta kara da wanda ke wurin Jawazat, hukumar shige da fice, ko Ma'aikatar Hajji da Umara, ko kamfanin layin waya, in harafi ɗaya ya kauce sai ta rufe ƙofa. Gobe ma haka za ta yi, jibi ma haka. Wanda ka sallama da sunan sistem ka cinye masa kuɗin mota ne da yini guda, a banza.

Kun san yadda aiki ya yi mana ambaliya tun da aka sake buɗe Umara a Oktoban 2020 bayan korona, aka ce sai da izini ta manhajar Eatmarna, daga baya Nusuk ta maye gurbinta a 2022. A wannan cunkoson mudir ya ɓullo da dabararsa. Duk alhajin da ya zo ba shi da imel, ko yana da shi ya manta, sai a ƙirƙira masa sabo nan take da haruffan sunan maktab da wata lamba a gaba, kalmar sirri ɗaya ga kowa, layin da za a nemo asusun in ya ɓace kuma na yaron da ke mana aike ne. Ba a ba alhaji komai sai hoton izininsa. Na taɓa tambayarsa me zai hana mu rubuta wa mutane imel ɗinsu a takarda. Ya ce, "Kai dai ba ka san kasuwa ba. In ka ba shi mabuɗi, baɗi wurin wa zai zo?"

Wata Hajiya ta zo mana da azumi, dattijuwa daga wajen Katsina, da jikanta saurayi yana riƙe da jakarta. Fasfonta a leda yake, ledar a cikin ƙyalle, ƙyallen a ɗaure a bakin zani, sai da ta zauna ta kwance ƙullin da haƙori sannan ta miƙo mini da hannu biyu. Ayarinsu zai tashi zuwa Madina cikin 'yan kwanaki, tana so a nema mata izinin shiga Rauda. Ta ce, "Ɗana, bara ma nan na zo aka yi mini. Na je Madina ban samu gurbi ba, ina daga nesa ina kallon mata suna shiga. Bana 'ya'yana suka sake haɗa mini kuɗi, kuma ban san ko zan ƙara ganin wata shekarar ba." Wanda ya yi wannan aiki ya san gurbin mata yana cikewa da wuri, ya kuma san abin da ɗan filin nan tsakanin ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mumbarinsa yake nufi a zuciyar irin waɗannan iyaye namu.

Na zuba ƙasa, lambar fasfo, lambar biza, ranar haihuwa. Jan rubutu ya fito cewa akwai asusu da waɗannan bayanai. Na bi ta hanyar wanda ya manta kalmar sirri, aka ce an aika lambar tantancewa zuwa wani imel, an nuna haruffan farko an rufe sauran da taurari. Ina ganin haruffan gabana ya faɗi, domin namu ne. Na jawo littafin da ke cikin durowa na nemo imel ɗin, na sa kalmar sirrin da aka saba, ta ƙi. Wani daga cikin waɗanda suka bar aiki ya canza ta bai rubuta ba. Google ya ce zai aika lamba zuwa layin da aka ajiye. Layin na yaron aike ne, shi kuwa ya daɗe da yin fita ta ƙarshe ya koma gida, an yanke layin.

Na shiga wurin mudir na ja ƙofa, na gaya masa a hankali cewa mu ne muka kulle matar nan da hannunmu, gara mu faɗa mata yanzu a kira Ma'aikatar Hajji da Umara tun da sauran lokaci. Ya ce in canza lamba ɗaya a fasfon in buɗe mata sabo in karɓi kuɗi, khalas. Na ce, "Alhaji, ba zai wuce ba, da biza ake gwada shi. Ko da ya wuce, izinin ba nata ba ne, kuma ƙarya ce muka shigar a bayanan hukuma da sunan tsohuwa baƙuwar Allah." Ya fizgi wayar ya zauna yana cankar kalmar sirri, wannan ta ƙi ya sa waccan, har Google ya daina karɓar gwaji daga wurinmu. Ya koma kan manhajar yana ta danna a sake aiko lamba, ita ma ta tsaya. Sai ya fito tsakiyar jama'a, da murya wadda har na bakin titi zai ji, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan yaron ne ya lalata miki. Bai iya aiki ba, kuma zai gani a albashinsa."

Na gani kuwa, a ƙarshen wata. Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini ba. Hajiya ta naɗe fasfonta ta mayar cikin leda, ta dube ni ba tare da ko ɗigon fushi ba ta ce, "Ba komai ɗana, Allah bai nufa ba. Allah ya yi maka albarka." Ta yafe mini laifin da ban yi ba, wanda ya yi kuwa yana tsaye yana gyara zaman hularsa. Har yau in na tuna wannan albarkar sai na ji wani abu ya tokare mini wuya.

Na karɓi lambar jikan kafin su fita. Bayan tarawihi muka haɗu a gaban masaukinsu, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru daga farko har ƙarshe, muka kira 1966, layin ma'aikata na baƙin Allah, aka shigar da ƙorafi tare da hoton fasfo da biza. Irin wannan gyara yana da hanyarsa kuma ana yi, sai dai ba ya ƙarewa a dare ɗaya, ga shi an riga an ɓata yinin da ya fi kowane tsada. Motarsu ta tashi. Daga Madina yaron ya turo mini saƙon murya cewa kakarsa ta yi salloli a masallaci, ta yi sallama daga inda ta samu, Rauda dai ba ta shiga ba. Amsar ƙorafin ta zo sun riga sun koma gida.

Daga ranar na sauya yadda nake zama a teburin nan, kuma ban nemi iznin kowa ba. Waya a hannun mai ita take zama, ni nuni kawai nake yi, in ba ya iya karatu ɗansa ko jikansa ya matso. Imel nasa, layi nasa. In ba shi da imel mu buɗe da sunansa, shi zai zaɓi kalmar sirri, in rubuta masa a ƙaramin kati da manyan haruffa ya sa cikin fasfo, ni kuma ba na ajiye kwafi. Da kuɗina nake sayen katin. Mudir ya yi ta faɗa, ya ce ina koya wa kwastoma guduwa, ya ce ina ɓata minti goma a kan aikin minti biyu. Ban taɓa mayar masa da magana ba. Amma shi da kansa ya ga inda layi yake tsayawa, ya kuma ji tsofaffi suna shigowa suna cewa ina yaron nan mai kati. Bai taɓa ambata wannan ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ne suke cin yini. Kafin ka sake danna komai, ka karanta jan rubutun har ƙarshe, ka ɗauki hotonsa, don shi za a fara tambayarka in an kira ma'aikata. Yawancinmu ba ma karantawa, hannu yana riga ido. Dannawa a kai a kai kuwa ita ce take mayar da ƙaramar matsala ta zama kulle, saboda an gina waɗannan manhajoji su ɗauki mai yawan gwaji a matsayin ɓarawo.

Ka dubi allon rubutun wayar. Mutanenmu na nan da yawa sun saita shi a Larabci, lambobin suna fita da siffar Larabci, wani gurbin kuma ba ya gane su. Ka dubi ƙarshen imel, waya tana son ƙara sarari bayan kalmar da ta cika maka da kanta, ido ba ya ganinsa. In gurbin ya riga ya sa +966, sifilin farko na 05 ba ya shiga. Lambar igama, katin zaman baƙo, goma ce kuma da 2 take farawa, ta katin ɗan ƙasa kuma da 1 take farawa, in ka ga tara a allo kada ka zargi kowa. Ranar haihuwa ta fi komai ba ni wahala: wani wuri Hijiriyya ake so, wani Miladiyya, kuma ba abin da mutum ya gaya maka da baki ake nema ba, abin da ke jikin katinsa ne. Tsofaffin da ba a san ranarsu ba sau da yawa za ka ga 1 ga Rajab a takardun nan, ko 1 ga Janairu a fasfon gida, ka rubuta yadda ka gani ko da shi ya rantse da damina aka haife shi.

Batun layi kuma, tun 2016 ake ɗaure shi da zanen yatsan mai shi, amma har yau uwa tana riƙe da layin ɗanta, direba yana riƙe da na kafili, uban gidan da ya tsaya masa. Banki da wasu manhajojin hukuma suna duba ko layin yana kan lambar mai rajista. In ba haka ba, ka tura shi kamfanin layi a mayar da sunansa. In kuma lambar tantancewar Absher tana tafiya tsohon layin da ya ɓace, na'urar basma, mai ɗaukar zanen yatsa, ce maganinsa, ba teburinka ba, kada ka karɓi ko riyal ɗaya. Ka dai gaya wa dattawan da aiki ya cinye musu yatsu su ɗan jiƙa su kaɗan kafin su ɗora. Igamar da ta mutu ba ta da dabara, maganar kafili ce. A kashe VPN, samari suna kunna shi don kiran gida su manta. A bar agogon waya ya saita kansa. Lambar da Nafath, manhajar hukuma ta tabbatar da mai shiga, ta nuno kuwa, ka gaya wa kowa da babbar murya cewa ba a amincewa da ita sai in shi ne ya nemi shiga a daidai wannan lokacin, ko da mai kiran ya ce daga banki yake ko daga Jawazat.

Mudir bai taɓa ba ni haƙuri ba, har ranar da na miƙa masa mabuɗin durowa. Ya karɓa ya ce Allah ya ba da sa'a, kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Na amsa da amin. Na yi ƙoƙarin in bar abin a bakin ƙofa ban iya ba, kuma ba zan yi ƙaryar na iya ba.

Littafin nan yana nan a durowa ta biyu, shafi bayan shafi na imel ɗin da masu su ba su san da su ba. Kowane layi a cikinsa mutum ne da zai iya dawowa da azumi ko bayan Hajji da sabuwar biza. In ya zo teburinka ka ga haruffanmu a gaban taurarin nan, kada ka gwada kalmar sirri fiye da sau ɗaya. Ka gaya masa a take cewa maktab ne ya buɗe asusun, ka tambaye shi yaushe motarsu za ta tashi, ku kira ma'aikata kafin ya bar kujerar.